Wurin kwana ɗaya a hanya da tirelar iyali: me ake dubawa kafin a kama gurbi?

Baban Ikram

Assalamu alaikum jama'a. Ƙarshen watan Yuni, in Allah ya kai mu, za mu tashi daga Dalas zuwa Grand Canyon, gefen kudu, a nan Amurka. Mu shida ne: ni da uwargida da yara huɗu, autan ɗan shekara uku. Tirelar kwana ce mai ƙafa 26, wutarta amfiya 30, tana da sashe guda da ake turowa waje, a-kori-kura mai ƙofa huɗu ce ke janta. Can inda za mu mun riga mun kama gurbi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kwanan hanya. Tafiyar ta haura mil 1,000, kuma ko wane gari na duba sai in ga wuraren zango barkatai, kowa na yabon nasa. Kwana nawa ya kamata mu yi a hanya? Me zan duba kafin in biya? Wasu kuma sun ce min kada in ɓata kuɗi a kan kwana ɗaya, in shiga filin ajiye motoci na babban kantin Walmart kawai mu kwanta. Masu sani ku taimaka.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam Baban Ikram. Wurin kwana ɗaya daban yake da wurin hutu, kuma a nan yawancin mutane ke tafka kuskure: su ga hoton tafki da itatuwa su biya, alhali ba za su ga tafkin ba sai ta tagar mota. Abu uku kake saye: shiga ba wahala, barci mai kyau, fita da safe ba wahala. Duk wurin da bai ba ka waɗannan ba, kyansa bai amfane ka da komai ba.

Fara da rabon hanya. Lokacin da Google Maps ke ba ka na ƙaramar mota ne. Da tirela a baya, ga shan mai, ga fitsarin yara, ga abinci, ka lissafa mil 50 a awa. Mil 300 ke nan awa shida, kuma nan ne iyakar abin da yaro ɗan shekara uku zai ɗauka kafin motar ta rikice. Masu wannan harka a Amurka suna da ƙa'idar da suke yawan faɗa: kada ka wuce mil 300 a rana, ka isa kafin ƙarfe uku na yamma. Ka duba gefen tayoyin tirelar ma, da yawa daga cikinsu iyakar gudunsu mil 65 a awa ne, kuma kwalta mai zafi ba ta yafe wa wanda ya wuce haka.

In ni ne kai, kwana uku zan yi a hanya. Ranar farko ka bi hanyar US-287 ka tsaya wajejen Childress, kimanin mil 250. Ta biyu ka ratsa Amarillo ka hau babban titin I-40 zuwa Santa Rosa, kusan mil 290. Ta uku ka tsallake Albuquerque da hantsi, bayan cunkoson masu zuwa aiki ya lafa, ka kwana Gallup, mil 250 da 'yan kai. Ta huɗu ka wuce Flagstaff zuwa Williams, ka ɗauki hanya mai lamba 64 ka hau arewa, kimanin mil 280. Za a iya yi a kwana biyu, amma za ka isa can da iyali a galabaice, ranar farko ta hutun ta tafi a barci. Agogo ma yana sauyawa: Niyu Meziko tana bayan Teksas da awa ɗaya, Arizona kuma da bazara tana baya da awa biyu, domin ba ta canja agogo, ban da yankin Navajo. A tafiya yamma riba ce gare ka. A dawowa kuwa ita ke sa mutum ya iske ofis a rufe. Ka kuma lura, a Amarillo rana na faɗuwa wajen ƙarfe tara a ƙarshen Yuni, a Flagstaff kuwa kafin takwas ta faɗi.

Sai tsayi. Wannan 26 ɗin sau da yawa tsayin akwatin ne kawai, ban da ƙarfen gaba da ke kamawa da mota. Ka haɗa motar da tirelar a ƙofar gida ka sa tef ka auna daga bamban gaba zuwa na baya. Da a-kori-kura mai ƙofa huɗu za ka samu kusan ƙafa 50. Ka auna tsayinta sama ma, har kan eyakwandishan da ke rufi, ka rubuta duka biyun a takarda ka manna gaban sitiyari. Gurbi iri biyu ne: wanda ake shiga da ribas, da wanda ake shiga ta wannan baki a fita ta wancan. Na kwana ɗaya, na biyun kake so, mai ƙafa 60 ko fiye, domin ka kwana ba ka kwance tirelar daga mota ba. Kada ka tsaya a kan kalmar da suka rubuta a shafinsu. Akwai gurbin shige-wuce mai ƙafa 45, wanda in ka shiga gindin tirelar na kan titi, dole ka kwance. Akwai kuma mai lanƙwasa kamar baka a gefen hanya, shi ma sunansa ke nan, amma wuyar daidaita doguwar mota gare shi.

Nisa daga babban titi: mil ɗaya zuwa biyar. In ya yi kusa sosai, ƙarar manyan motoci ce har asuba. In ya yi nisa, kana ƙara awa guda a shiga da fita. Misali, Palo Duro kusa da Amarillo wuri ne mai kyau ƙwarai, amma yana da nisan mil 25 daga garin, sannan sai ka gangara cikin kwazazzabo ta hanya mai kwane-kwane, da safe ka sake hawowa. Wurin kwana biyu ko uku ne, ba na wanda ke wucewa ba. Kamfanin wuraren zango na KOA ya raba wurarensa gida uku, kuma waɗanda ya sa wa suna Journey don masu wucewa aka yi su, kusa da titi, da dogayen gurabe. Ba su ne mafi araha ba, amma ka san abin da za ka tarar.

Kafin ka biya, buɗe hoton tauraron ɗan'adam na wurin ka bi hanyar da ido tun daga mafitar babban titi har ƙofa. Kana neman gada mai ƙasa-ƙasa, kwana mai tsini, ƙofar da ke tsakanin ginshiƙai biyu, da itatuwan da suka rufe titin ciki. Ka kuma nemi layin dogo. Jirgin ƙasan BNSF yana tafe kafaɗa da kafaɗa da US-287, haka kuma da I-40 a yammacin Niyu Meziko da Arizona, kuma filin da ke jikin dogo arha gare shi, shi ya sa wuraren zango suka yi yawa a nan. Layin kansa da sauƙi. Abin gudu shi ne inda titi ya tsallaka dogo, domin doka ta wajabta wa direban jirgi ya yi oda a nan, dare ko rana, sai a wuraren da aka keɓe. In ka ga mararrabar nan kusa da shingen zangon, nemi wani. A Gallup musamman ka duba wannan, jirage na wucewa ta tsakiyar garin ba ƙaƙƙautawa.

Daga nan ka buga waya, kada ka tsaya a intanet. Faɗa musu tsayinka gaba ɗaya, ka tambaya ko za ka kwana a haɗe. Tambayi ƙarfe nawa ofis ke rufewa da yadda ake yi da wanda ya makara. Yawanci suna barin ambulan da sunanka da taswirar gurbi a jikin ƙofa, amma wasu gandun jiha kulle ƙofar suke yi da dare, sai da lambar sirri. Tambayi kuɗin na mutum nawa ne, domin wurare da yawa na mutum biyu ko huɗu suke sa wa, sauran a biya daban. In tirelar ta haura shekara 10, ka faɗa tun a waya, akwai masu ƙin karɓa ko su nemi hoto. Sannan ka nemi kwatancen su na hanya, ka bi shi ko da wayarka ta nuna gajeriya.

Abu na ƙarshe: sha mai da yamma kafin ka shiga, ba da safe ba. Jan tirela na cinye kusan ninki biyu na man da ka saba. Ka zaɓi gidan man da famfunansa ke jere da titi, ba waɗanda ke fuskantar shago ba, don ka samu wurin fita.

Injiniyan Wuta

Malam Direba ya gama da hanya. Ni wuta zan taɓa, domin a Yuni a wannan yankin wurin da wutarsa ba ta da kyau ba wurin kwana ba ne.

Lissafin ba shi da wuya. Amfiya 30 a bolt 120 wat 3,600 ke nan, shi ne duk abin da kake da shi. Eyakwandishan irin na rufin tirela na jan amfiya 13 zuwa 15 in yana aiki, ya fi haka a daidai lokacin tashi. Hitar ruwan wanka in tana kan lantarki wajen 12. Makirowef wajen 12. Butar lantarki mai wat 1,500 ita ma 12 da rabi. Ga firij, ga cajar batir da ke aiki a ɓoye, wadda ta fi ja a awannin farko bayan an iso. Ka ga ke nan eyakwandishan da abu ɗaya babba ne kawai za su zauna tare. Na uku na shiga, bireka ta faɗi. Maganin: mayar da hitar ruwa kan gas da zarar kun iso.

Abin da ya fi ɓata kaya shi ne ƙarancin bolt. Tsohon zango mai siraran wayoyi, da la'asar kowa ya kunna sanyi, sai wutar ta sauko ƙasa da 108. Injin eyakwandishan ba ya tsayawa in bolt ya ragu, ƙara jan amfiya yake yi, ya ɗau zafi, a hankali ya ƙone. Don haka ka sayi na'urar kariya da ake maƙalawa tsakanin sandar wuta da igiyar tirela. Iri biyu ce a kasuwa. Mai arha tsawa da hauhawar wuta kawai take tarewa. Wadda kake so ita ce mai rubutun EMS, mai nuna lamba, da ke yanke wuta da kanta in ta sauko wajen 104 ko ta haura wajen 132, ta kuma gaya maka in an juya wayoyi ko babu wayar ƙasa.

Wannan wayar ƙasa ba abin wasa ba ce ga mai yara. In ta tsinke a sandar, kuma akwai wata 'yar matsala a cikin tirelar, jikin tirelar gaba ɗaya na iya ɗaukar wuta. Yaro ba takalmi, ƙasa a jiƙe, ya kama ƙarfen ƙofa, shi ke nan. Duk wanda ya ji ɗan girgiza ko ƙaiƙayi da ya taɓa ƙofa ko matakala, a zare igiya nan take, a sanar da ofis, a nemi wani gurbi.

Yadda ake haɗawa: ka fara zuwa sandar kafin ka daidaita komai, don in ba ta da kyau ka sauya gurbi ba ka wahala ba. Buɗe murfin a hankali, zanzaro na son yin gida a ciki. Kashe bireka. Duba soket ɗin, in ya yi baƙi, ya narke ko ya fashe, kada ka sa. Maƙala na'urar kariya ita kaɗai, kunna bireka, karanta. In lafiya, kashe, haɗa igiyar tirela, sake kunnawa. Kada ka taɓa cusa fulogi ko zare shi bireka na kunne, tartsatsin ne ke cinye haƙoransa.

Ka riƙe adafta mai mayar da soket na 50 zuwa 30. Amfaninta biyu. Wani wurin gurbin 50 kaɗai ya rage. Sannan a sanda ɗaya sau da yawa soket ɗin 30 ya sha jiki ya saki, na 50 kuwa da sauransa, sai ka koma can. Babbar birekar tirelarka ta 30 ce ke tsare ka daga jan fiye da ƙima. Ka kuma riƙe ƙarin igiya ta amfiya 30 mai ƙafa 25, mai kauri lamba 10, domin wanda ya kwana a haɗe ba shi ke zaɓen inda tirela za ta tsaya ba, sandar na iya yin nisa. Igiyar wuta ta gida mai launin lemo ba ta wannan aikin, narkewa za ta yi.

Ruwa kuma, ƙarfinsa a famfon zango ba shi da tabbas. Sa regileta a bakin famfon, kafin mesa, ta riƙe shi tsakanin 40 da 50 a ma'aunin psi. In ba haka ba wani mahaɗin bututu zai saki a bayan kabad cikin dare, sai da safe a ga ruwa a ƙasa. Na kwana ɗaya ma ba dole ka haɗa ba. Ka zuba abin da kuke bukata a tanki, ka naɗe mesarka, ku yi amfani da famfon tirelar.

A sharhin waɗanda suka kwana, na watanni ukun baya kawai ke da amfani, kuma na lokacin zafi. In mutum biyu ko uku sun ambaci wuta na ɗaukewa, ka yarda da su.

Maman Khalil

Baban Ikram, a gaida uwargida. Su maza sun yi maganar ƙarfe da waya, saura mutanen da ke cikin motar.

Yaran da suka yi awa shida a ɗaure a kujera sai sun yi gudu kafin su yi barci. Saboda haka filin ciyawa, lilo ko wurin ninkaya ba ƙawa ba ne, yana cikin abin da ake biya. Wuraren kwana ɗaya da yawa tsakuwa ce zalla, tirela na jikin tirela, babu inda yaro zai taka sai titin da motoci ke bi. A hoton sama ana gane wannan. In da wurin ninkaya, a tambayi ko a buɗe yake da ƙarfe nawa ake rufewa, kada a yi wa yara alkawari a iske kwado a ƙofa.

Ba kowane dare kuke bukatar gurbi mai ramin zubar da ƙazanta ba, kuma shi ya fi tsada. Tankin da ke fara cika na ruwan wanka da wanke-wanke ne, ba na bayi ba. Shawa na zubar da kusan galan biyu a minti. Mutum shida, kowa minti uku, galan 36 ke nan, tirela irin taku kuwa tankinta bai cika wuce 30 zuwa 40 ba. Hitar ma galan shida take ɗauka, mutum na biyu zai fara jin sanyi. Don haka wurin da ke da banɗakunan wanka masu tsabta ya fi muku ramin ƙazanta amfani. A nemi wuta da ruwa dare biyu, a nemi cikakken haɗi (wuta, ruwa da ramin ƙazanta) ko wurin juye tanki dare ɗaya. Tankin bayi ba a juye shi sai ya kai kashi biyu cikin uku, don ruwan ya yi ƙarfin kwashe komai, kuma shi ake fara buɗewa, na ruwan wanka ya biyo baya ya wanke mesar. Ko kun samu cikakken haɗi kada a bar bawul ɗinsa a buɗe ya kwana: ruwan zai tsiyaye, sauran ya taru ya daskare a ciki.

Ruwan sha kuma kada a cika tanki fal a hanya. Galan 40 ya kai kilo 150. Kashi ɗaya cikin uku ya isa bayi da wanke hannu a tsaye-tsayen hanya.

In an ba ku zaɓin gurbi, a guji na bakin ƙofar shiga, masu makara na wucewa da fitila har tsakar dare. A guji na jikin wurin juye tanki da na jikin bola. Kusa da banɗaki yana da kyau, amma gurbi biyu ko uku tsakani, ba jikinsa ba. Wasu wuraren rabinsu ma'aikata ne masu zaman wata-wata. Ba su da matsala, sai dai tun asuba suke ta da motocin dizal. A yammacin Amarillo kuma akwai manyan garaken shanu a bakin I-40, in iska ta juyo ba a iya buɗe taga, masu sharhi kan ambata.

Yanayi ma a sa shi a lissafi. Arewacin Teksas a Mayu da Yuni yankin ƙanƙara ne da mahaukaciyar guguwa, tirela kuwa ba mafaka ba ce. Da an isa a tambayi ofis ina ake fakewa, yawanci ginin banɗaki ne na bulo, a kuma san sunan gundumar da ake ciki, domin da sunan gunduma ake sanar da gargaɗi. Kada a bar rumfa a buɗe a kwanta, ko a shiga gari, iskar can na tasowa ba sallama. In dawowarku ta faɗa Yuli, damina ta kama a Arizona da Niyu Meziko, a guji gurbin da ke kwari ko bakin busasshen rafi, da zangon da titunansa jar ƙasa ce. A tanadi barguna kuma: Gallup ta kai ƙafa 6,500 sama da teku, Grand Canyon wajen 7,000, da rana zafi, da asuba sanyi.

Abu Safwan

Na yarda da abin da aka faɗa, amma ban ba da shawarar kama dukkan darare uku tun daga gida ba, sai an duba sharaɗin sokewa. Taya ɗaya ta fashe, ko iska ta tsananta ta hana tafiya, duk jerin ya rushe, kuma wasu wuraren ba sa mayar da kuɗin dare ɗaya in ba ka soke kwana biyu ko fiye kafin ranar ba. Daren Juma'a da Asabar, da makon 4 ga Yuli, bikin 'yancin Amurka, waɗannan a kama da wuri, babu gardama. Daren Litinin zuwa Alhamis a garuruwan kan I-40, ka rubuta wuri uku, ɗaya kafin inda kake nufi da mil 50, ɗaya a wurin, ɗaya gaba, ka buga waya da tsakar rana in ka ga yadda tafiyar ke gudana.

Maganar Walmart: kamfanin ya bar wa manajan kowane shago hukunci, kuma dokar gari na iya hanawa ko da manaja ya yarda, don haka sai ka kira shagon da kansa. Wuraren hutawa na bakin titi kowace jiha da dokarta, Teksas na barin mutum har awa 24. Amma a Yuni, da yara huɗu, ban ba ka shawara ba. Babu wuta, batir ba ya ɗaukar eyakwandishan, kwalta kuma na fitar da zafin da ta sha har tsakar dare. Ba a kafa kujeru, ba a son a turo sashen waje, yara ba su da wurin wasa. Ka gwada a gida: sashen yana ciki, ana iya kai wa ga bayi, firij da gadajen yara? In ba a iya, filin ajiye motoci ya fita daga lissafinka. Ka riƙe shi don ranar da komai ya ƙwace. Tashar manyan motoci kuma ka bar wa direbobinsu dogayen gurabensu, doka ce ke tilasta musu hutu kuma ba su da wani wurin. Wasu rassan Love's, kamfanin irin waɗannan tashoshi, sun ware gurabe masu wuta don tirelolin kwana, in akwai a hanyarka su ne daidai.

Baban Ikram

Allah ya saka da alheri, kun buɗe min ido. Na auna, ƙafa 51 ne. Tambaya biyu ta rage. In na kwana a haɗe, yaya zan daidaita tirelar ta zauna sosai, tunda an ce firij na lalacewa in ta karkace? Kuma ina da ƙaramin janareta mai wat 2,000, zai iya ceto na in ban samu gurbi mai wuta ba?

Tsohon Direba

Da 51, nemi gurbin 60, kada ka karɓi ƙasa da 55.

Firij ɗin da ke aiki da gas da lantarki shi ne mai wannan larura, domin ruwan sinadarin da ke cikinsa gangara yake yi da kansa a bututu, in ya karkace sai ya taru wuri ɗaya ya yi zafi. Ba sai ta zauna cif ba. In mutum zai yi tafiya a ciki bai ji yana gangara ba, ƙwai bai mirgina daga tebur ba, ya isa. In firij ɗinka mai kwamfireso ne na bolt 12, wannan bai shafe shi ba.

Ka shiga gurbin, kafin ka kashe mota ka sa ma'aunin daidaito irin na magina a ƙasan tirelar, daga hagu zuwa dama. Gefen da ya yi ƙasa, ka ajiye katako ko tubalan roba gaban tayoyinsa, ka ja gaba a hankali su hau, duka tayoyin gefen, ba ɗaya ba, kuma faɗin tayar gaba ɗaya ya zauna a kai. Ka ja birkin hannu, ka sa weji gaba da baya. Daga gaba zuwa baya kuwa abin da za ka iya kaɗan ne tunda tana haɗe. Sauke jak ɗin gaba a kan katako har ya ɗauke wa motar nauyi, ya ɗaga inci ɗaya ko biyu, kada ka wuce haka, kana jan bayan motar sama ne. In hancin tirelar ne ya yi sama, sai dai ka ɗora tayoyinta duka a kan katako, ko ka haƙura ka kwance. Ƙafafun kusurwa huɗu na hana girgiza ne kawai, ba a ɗaga tirela da su, lanƙwashewa suke yi. Sai an gama duk wannan ake turo sashen waje, bayan wani ya tsaya ya duba babu itace ko sandar wuta a gefen. Yana cin kusan ƙafa uku.

Zare igiyar nan mai baki bakwai da ke tsakanin mota da tirela. A wasu motocin layin cajin na nan da wuta ko an kashe inji, tirelar ta yi ta shan batirin motar har safe. Amma da ka zare, ɗaura wani ƙyalle a sitiyari, domin wanda ya tashi bai mayar da ita ba yana tafe ne babu birkin tirela, babu fitilun baya.

Janareta mai 2,000 da ƙyar ya ta da eyakwandishan irin naka, sai an sa wa eyakwandishan ɗin na'urar sassauta tashi, kuma ko da ita, ƙarfin janareta na raguwa kusan kashi uku cikin ɗari a duk ƙafa 1,000 da ka hau. A Gallup ka rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Zai caja batir, ya juya fanka, ya riƙe firij. Yawancin wuraren zango ma sun hana kunna shi daga ƙarfe goma na dare zuwa safiya. In ka kunna, ya yi nisa da tirela, bakin hayaƙin na kallon waje, ba ƙarƙashin taga ko sashen da aka turo ba, ka kuma danna maɓallin gwaji na na'urar gano hayaƙi mai guba kafin ku bar gida. Tana da ranar ƙarewa a rubuce a jikinta, yawanci shekara biyar zuwa bakwai.

Da safe ka zagaya sau biyu, mutum ɗaya, ba mai yi masa magana. Sashe ya koma ciki, rumfa a kulle, tagogin rufi a rufe, matakala a naɗe, ƙafafun kusurwa da jak sun hau har ƙarshe, igiya da mesa sun shiga ma'ajiyarsu. Auna iskar tayoyi tun suna da sanyi. Duba makullin mahaɗin da sarƙoƙi biyu da siririyar wayar birkin gaggawa. Uwargida ta tsaya a baya ka taka birki ka kunna sigina ta gani. Ka ja gaba kaɗan, ka sauko ka kwashe katakai da weji, sannan a kan titin cikin zangon, kana tafiya a hankali, ka matsa birkin tirela da hannu ka ji ta riƙe motar.